Shinkafarmu a Buhun Wasu

Tun a shinge na farko bayan mun bar ƙasarmu na fara zargin cewa takardar da ke cikin jakata ba ta kai girman da nake ba ta ba. Na miƙa wa mai tsaron shingen ita ta tagar mota da hannu biyu, cikin ladabi. Ya riƙe ta a juye, ya dube ni, ya dubi ƙanena Idi da ke kan sitiyari, ya mayar mini da abata. Sai da Idi ya sauka suka zaga bayan mota sannan aka ɗaga sandar.

Da ya dawo na ce, "Me ka ba shi?"

"Gaisawa muka yi, Yaya."

"Gaisuwar da ba a iya yi a gabana?"

"Yaya Rabi, shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan. Ki bar ni da hanya, ni ma na bar ki da takardarki."

Bari in faɗi yadda aka yi na tsinci kaina a gaban babbar mota a ƙasar da ban san ko sannu da yarensu ba. Mu mata goma sha huɗu ne a Tudun Wada muka haɗa kai, sana'armu ɗaya. Mu sayi shinkafa a hannun manoma, mu jiƙa, mu turara a durom, mu shanya, mu kai injin casa. Shekara da shekaru 'yan kasuwa ke zuwa su kwashe yadda suka ga dama, mu bi su da godiya. Wata rana aka kira taro a Bebeji, aka ce kowace ƙungiya ta turo mutum ɗaya. Da yake ni ce mai baki, kuma ni ce na taɓa sakandare, sai aka tura ni. Wani mutum mai farar shadda da tabarau ya tsaya ya ce ƙasashen yankinmu sun daɗe da sa hannu a kan cewa kasuwarsu ɗaya ce. Abin da aka noma a wannan ƙasa zai shiga waccan ba kuɗin fito, muddin akwai takardar da ke shaida inda aka noma shi. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, har da shinkafar Tudun Wada?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Har da ita, Hajiya." Ban je Makka ba, amma ranar ban gyara masa ba.

Wata huɗu na yi ina sintiri tsakanin gida da Kano kafin takardar ta fito, da hatimi har biyu. Ana cikin haka Idi ya haɗa ni a waya da wani Alhaji Mamudu a Kumasi, ya ce in kawo, zai karɓe duka. Matan nan suka zuba duk abin da suke da shi. Inna Asabe, wadda ta girme mu duka, har awakinta ta sayar ta ƙara sayen shinkafa. Buhu ɗari da ashirin muka loda, kuma kowacce ta san da shi za a sayi takin damina, da shi za a ci abinci har kaka. Maigidana ya ce tunda da Idi zan tafi, Allah ya tsare hanya.

Daga shinge na biyu na daina miƙa takarda ta taga. In aka tsayar da mu, kafin Idi ya buɗe ƙofarsa na riga na diro. Sai in tsaya gaban mai sanda in fara karanta masa takardar da ƙarfi tun daga sama, da ɗan Turancina mai ɗingishi, shi kuma Faransanci yake ji. Wasu su yi dariya su ɗaga sanda. Wasu su ɗaure fuska su bar mu a rana har la'asar. Wani dai kusa da garin Faraku, da na kai layi na biyar sai ya toshe kunne ya yi mana hannu mu wuce. Na hau mota ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Idi ya ce, "Wallahi Yaya, wata rana bakin nan naki zai kwanar da mu a hanya."

Na ce, "In gaskiya ce ta kwanar da mu, mu kwana."

Da na san kwana nawa nake kira, da na rage murya.

Iyaka ta biyu ba zan kira sunanta ba, don akwai mutanen kirki a wurin, ba na son in haɗa su da sauran. Mun isa da hantsi ranar Asabar. Wani ɗan kwastan siriri ya karɓi takardar, kuma shi kam ya karanta ta da gaske, har ya gyaɗa kai. Zuciyata ta yi fari. Sai ya hau mota ya ɗaga tamfol, ya tsaya cak, ya kira abokin aikinsa. Suka yi ta nuna buhuna suna magana da sauri. Nan take wani mutum ya ɓullo daga ƙarƙashin bishiya, ya ce sunansa Sanda, yana jin Hausa, aikinsa taimakon baƙi. Shi ya zama tafintanmu.

"Hajiya, ya ce takardarki ta ce Najeriya, buhunki ya ce wata ƙasa can bayan teku. Ya ce a cikinsu ɗaya maƙaryaci ne."

Na ɗaga kai na dubi buhunan da na yi mako biyu ina kallo. Sai a lokacin na gan su. Kowanne da hoton wata mata mai faffaɗar hula tana murmushi, da sunan ƙasarsu da manyan baƙaƙe.

A wajenmu ba wanda ke karanta buhu. Buhu buhu ne. Na taki ana zuba masa masara, na sukari ana zuba masa wake. Kuma duk mai sana'ar shinkafa ta san buhun da ya fi kowanne ƙwari shi ne wanda aka ci shinkafar waje aka bar shi fanko: saƙarsa a matse, bakinsa ba ya zarewa, yayyafi ba ya ratsa shi da wuri. Ni da kaina na ce tafiya ce mai nisa, kada a zuba mana kaya a buhun banza. Ni na hau mota zuwa kasuwar Kwanar Dangora, na zauna na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, na kawo gida muka wanke muka shanya. Har yabona aka yi a kan haka.

Na ce wa Sanda, "Faɗa masa buhun kawai na aro ne. Ya buɗe ya gani."

Ɗan kwastan ya soka wa buhu ɗaya ƙarfe, shinkafa ta zubo a tafinsa. Ya ce shinkafa ce, kuma buhu ya ce shinkafa, magana ta ƙare. Masu fasa-ƙwauri kullum haka suke yi, su sayo ta waje su nemo takardar gida. Aka sa Idi ya kai motar wani fili bayan ofis, aka karɓe makulli.

Hanya biyu suka ba ni. Ko in sa hannu cewa shinkafar waje ce in biya cikakken kuɗin fito da tara, abin da ko an sayar da ni da Idi ba zai fito ba, ko kuma in wa'adi ya cika a yi gwanjon kayan. Da muka fito Sanda ya ja ni gefe ya kawo ta uku. Ya ce in bar buhu goma sha biyar a ƙasa, shi ya san wanda zai gani, kafin magariba mun wuce.

Na ce, "Buhun wa zan bari? Na Inna Asabe ko na matar da mijinta ke kwance?"

"Hajiya, a nan ba a taurin kai."

"To yau an kawo muku shi daga Kano."

Da yamma muka yi faɗa da Idi, irin wanda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Ya ce goma sha biyar ta fi ɗari da ashirin sauƙin rasawa. Ya ce mai motar na kiransa, kuma ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na ce in na ba da buhu ɗaya, na yarda ke nan ni ɓarauniya ce da aka yi wa rangwame. Ya ce girman kai ne. Na ce eh, shi ne, kuma ba a kanti na saye shi ba, gadonsa na yi, shi ma ya duba jikinsa. Ya tashi ya tafi masallaci.

Washegari na ɗauki takardata na zauna a bencin da ke ƙofar ofis. Haka na yi ranar Lahadi, haka Litinin, haka Talata. Duk wanda ya shiga in gaishe shi, duk wanda ya fito in ɗaga masa takardar. Ɗan kwastan ɗin ya aiko Sanda ya ce in tashi, ina tare musu hanya. Na ce bencin na gwamnati ne, ni ma baƙuwar gwamnati ce, tunda ita ta riƙe ni. Amma kada in yi ƙarya, a ciki tsoro nake ji. Wayata na ta ƙara, matan gida na tambaya ko mun isa, ina cewa muna hanya. Ranar Talata aka yi ruwa, iska ta yaye gefen tamfol, na tsaya ina kallo ta cikin wayar ƙarfen da aka kewaye filin da ita, ruwa na dukan buhuna. Nan na yi kukan da ban bari Idi ya gani ba.

Wadda ta gan ni ita ce Maman Fati, mai sayar da abinci a rumfar da ke kallon ofis. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" take ce musu. Tun ranar farko ita ta ba ni tabarma a ɗakinta, kuma ta ƙi karɓar komai. Ta riƙo hannuna ta kai ni rumfa, ta ajiye mini kwanon tuwon masara da miyar kuɓewa mai yajin da ya sa na manta da abin da nake wa kuka.

Ta ce, "Kai ci. Wancan ƙarami ba ya da iko. Sanda ma ba ya da iko, ciki kawai yake da shi. Babba yana zuwa Alhamis, ranar kasuwa. Nan yake ci abinci. Kai yi magana da shi da bakinka, yana jin Hausa kaɗan."

Na ce, "Me zan faɗa masa da ban faɗa wa wancan ba?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Kai ne mai shinkafa. Ni in an kawo mini shinkafa, ba na tambaya buhu. Ina wankewa na san ta wace ce."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce ta ara mini ƙwarya biyu da bokitin ruwa ranar Alhamis.

Babban ya zo da azahar, dattijo ne mai furfura da tumbi, ya zauna ya ci abincinsa. Na bari sai da ya wanke hannu sannan na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba alfarma na zo nema ba. Ka zaɓi buhun da ka ga dama a motata, ka ba ni minti goma. In ka ce ta waje ce, ni da kaina zan buga muku ƙararrawar gwanjo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ke ce matar benci?"

"Ni ce."

Ya tashi muka nufi filin, mutanen kasuwa suka biyo mu. Ya nuna wani buhu can tsakiya, Idi ya sauko da shi. Ina ganin ɗinkin bakinsa na ce, "Wannan na Inna Asabe ne. Ita kaɗai ke ɗinki da baƙin zare, kuma wutarta tana yawa, za ka ga ƙonannu a ciki." Aka farke. Na ɗebo na baza a faifai, ga su nan kuwa, masu baƙin kai jefi-jefi. Na nuna masa jajayen ƙwayoyi da ke cuɗe da farare, da doguwa da gajera a tafi ɗaya, don manomanmu ba iri ɗaya suke shukawa ba. Na ce ya sansana, ya ji hayaƙin kara. Ya sansana.

Sai na zuba mudu guda a ƙwarya, na tsiyaya ruwa, na fara rege. Duk wadda aka haifa a gidan shinkafa ta san aikin: kina juya ƙwarya a hankali, shinkafa na bin ruwa tana gangarawa ɗaya ƙwaryar, abin da ya fi ta nauyi yana zama a ƙasa. Da na gama na tsiyaye ruwan, na miƙa masa ƙwaryar. A gindinta ga tsakuwa nan, ƙanana, jajaye, sun kai takwas.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane kamfani ne a bayan teku yake zuba wa shinkafarsa tsakuwar Tudun Wada?"

Mata suka sa shewa. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa, ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ni kuwa kunya da daɗi suka haɗu suka kama ni. Shekara nawa muna rantse wa masu saye cewa tamu ba tsakuwa, yau ga ni a ƙasar mutane ina tallar ta a gaban jama'a.

Ya sa aka buɗe wasu buhuna uku, na faɗi masu su tun kafin a farke. Sannan ya daina dariya. Ya ce, "Shinkafa taki ce, na yarda. Ba za ki biya fito ba, doka ta ba ki. Amma yarona bai yi laifi ba. Dokar da ta ce ki wuce kyauta, ita ta ce kaya su faɗi gaskiyar inda suka fito. Ba zan sa hannu shinkafar Najeriya ta wuce da fuskar wata ba. Canza buhu, ki tafi."

Gaskiyarsa ce, kuma ta yi mini ɗaci.

Kwana biyu muka yi muna juye. Maman Fati ta kai ni wajen masu masara muka sayo fararen buhuna marasa rubutu, sirara, irin waɗanda a gida ba zan ko kalla ba. Idi na ɗagawa, ina riƙe baki, muna ɗinkewa da basilla har yatsuna suka fashe. Buhu shida da ruwa ya taɓa muka baza a tamfol, biyu sun riga sun yi wari, na bar wa masu kaji. Na sayi gwangwanin shuɗin fenti, na tauna bakin kara ya zama buroshi, na bi buhunan ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa: SHINKAFAR TUDUN WADA, KANO, NAJERIYA. Rubutun ya karkace, fenti na zuba. Idi ya tsaya yana kallo, ya ce, "Yaya, ko allon makarantar allo ya fi wannan kyau." Daga nan na san mun shirya. Tsofaffin buhunan na bar wa Maman Fati, ta ce za ta rufe rumfarta da su. Da za mu rabu ta rungume ni ta ce, "Kai mace ne mai wahala." Na ɗauke shi a yabo.

Iyaka ta uku ba mu yi awa biyu ba. Suka karanta takarda, suka karanta buhu, suka ga bakinsu ɗaya, suka buga hatimi. Na ce wa Idi, "Ka gani?" Ya ce bai ga komai ba, tuƙi yake.

Kumasi ta ba ni tsoro. Ban taɓa ganin kasuwa mai cin mutum haka ba, ga ruwan sama ba sallama, ga tudu da gangare. Amma a zango, unguwar baƙi 'yan kasuwa, sai na ji Hausa ta ko'ina, wata iri mai gajeren wando, ta ba ni dariya ta kuma sa ni kewar gida. Alhaji Mamudu ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya ɗebi shinkafar ya tauna, ya ce ta yi. Sai ya dubi buhunan ya yamutsa fuska.

"Wane ne ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni ce, Alhaji."

"Ba komai, Hajiya, gyara ne mai sauƙi."

Ya kai ni bayan shagonsa. Ga fankon buhunan shinkafar waje nan jibge har rufi, sababbi fil, ga injin ɗinke baki, ga ma'aikata biyu suna tankaɗe wata shinkafa suna juyewa. A saman tulin matar nan ce mai faffaɗar hula, tana yi mini murmushin da na sani.

Ya ce, "Nan mutane ba sa ba ta gida daraja. A wannan buhun naki sai ta yi wata uku ba a taya ba. In na tsince ta na juye a wancan, mako ɗaya ta ƙare. Ki sauke, in sallame ki yau, gobe ki bi ƙanenki gida."

Na ce, "Alhaji, kwana bakwai na yi a kan iyaka ina rantsuwa cewa shinkafar nan ta Tudun Wada ce. Yanzu in kawo ta nan da hannuna a sake mata uba?"

"In kin sayar mini, ai ta zama tawa. Ina ruwanki da rigar da na sa mata?"

"Da ruwana. In ta yi daɗi, wa za a yaba? In an ƙoshi an dawo nema, wa za a nema? Waccan mai hular?"

Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Hajiya, suna ba ya cika tukunya."

Na ce a mayar da buhun da aka sauke.

Idi bai yi mini faɗa ba wannan karon, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce dole ya juya, an riga an yi masa lodin komawa. Ya nemo mini wata tsohuwa a zango, Hajiya Kande, wadda ta ce kakanta daga Bebeji ya zo fataucin goro bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin garin ba. Ta ba ni ɗaki, ta ba ni zaurenta na jibge kaya, ladanta kawai in riƙa ba ta labarin Bebeji bayan sallar la'asar. Da labarin ya ƙare na shiga ƙara masa gishiri, Allah ya yafe mini.

Na kira gida na faɗa musu gaskiya duka. Aka sa wayar a tsakiya, ina jin hayaniyarsu. Wata ta ce an yi ruwan shuka tun shekaranjiya. Wata ta ce dama ta faɗa kada a tura ni. Sai muryar Inna Asabe ta fito.

"Rabi, buhu za mu ci ko shinkafa?"

Na ce, "Inna, in na ba shi, bana kawai muka sayar. Baɗi ba wanda ya san da mu a garin nan, sai shi, kuma yadda ya ga dama zai saya, kamar na gida. Ku ba ni wata ɗaya."

Ta ce, "Awakina dai ba za su dawo su tambaye ki ba. Ni zan tambaye ki." Ta kashe.

Na kafa faranti a ƙofar zauren, na jingina buhu ɗaya yadda rubutun zai kalli titi. Mako na farko mudu-mudu na sayar, wasu ma tsayawa suke su karanta su yi dariya su wuce. Na dafa na bi masu tuwon shinkafa rumfa-rumfa ina ba su ɗanɗano kyauta. Duk wadda ta tambaya ko akwai tsakuwa, in ce akwai, ki rege. Wata mai suna Adiza, mai babbar rumfa kusa da tasha, ta tuƙa ta ga yadda take kama jiki ba ta ruwa, ta sayi buhu ɗaya. Bayan kwana uku ta aiko a kawo biyar. Daga nan maganar ta bazu a tsakaninsu, ana aiko masu tura kura ana ɗauka. Duk abin da ya shigo a ranar nake turawa gida.

Wata ɗayan da na roƙa ya zama mako bakwai. A ciki 'yata ta fari ta haihu, aka yi suna ba ni, na ji guɗar ta waya ina zaune kan buhu a garin da ba wanda ya san na zama kaka. Na faɗa wa Hajiya Kande, ta fita ta sayo goro ta raba wa maƙwabta, ta ce ba a yin jika a ɓoye. Taki ya isa gonakin wasu a makare. Abin da muka samu bai kai wanda Alhaji ya so ba ni a yini ɗaya ba, in aka cire cina da buhunan da suka lalace. Mata biyu sun fita daga ƙungiyarmu, ɗaya har yau in mun haɗu a gidan biki gaisuwa ce kawai. Ban ce ba su da hujja ba. Amma ko yau aka mayar da ni bayan shagon nan, amsata ba za ta canza ba.

Buhu na ƙarshe Adiza ce ta zo da kanta ta saya. Ta taho da babbar robarta, muka juye mata a ciki. Na kakkaɓe buhun na fara naɗewa, don na yi niyyar in zuba tsarabata a ciki. Sai ta riƙe gefensa.

"Bar mini wannan."

Na ce, "Wannan ragar? Ai ya huje. Bari in nemo miki mai kyau."

"Ba zuba abu zan yi ba. Ni ban iya karatu ba, kuma sunan garinku ba ya zama a kaina. In direbobin ƙasarku sun zo cin tuwo, shi zan nuna musu, in ce wannan nake so, su je su faɗa muku."

Na sakar mata. Ta ninke shi huɗu a hankali, rubutun na ciki don kada ya goge, ta sa a hammata, ta ɗora robarta a ka ta gangara tasha.